Kakata ta manta Hausa, mu kuma muka kasa jin kukanta

1/
Likita ya tambayi kakata ko ta gamsu da rayuwarta. Na juya mata tambayar da Larabci. Ta ɗago kai ta ce "Alhamdulillah." Ya rubuta sifili a takardarsa. A ranar, kwananta goma sha ɗaya rabon da ta ci loma biyar a zama ɗaya. Zaren nan dogo ne, ku yi haƙuri da ni. 🧵

2/
A gida Habuba muke kiranta, haka 'yan Sudan ke kiran kaka. A Wad Madani aka haife ta, a jihar Jazira. Kakanmu Bakano ne da ya tafi Hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya aikin auduga a gonakin Jazira kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi a wancan zamani. Ya tsaya neman kuɗin jirgin ruwa, ya samo mata.

3/
Ya kawo ta Kano tana yarinya, ba ta jin ko "zo in kashe ki". Ta shekara sittin da ɗoriya a nan. Ta iya Hausa har da habaici da baƙar magana, sai dai har ta tsufa ƙ da ɗ ba su zauna a bakinta ba. Duk amaryar da aka yi a layinmu, dilka da humra da turaren wutarta daga hannun Habuba suka fito.

4/
Mantuwar ta fara a hankali, wajen 2021. Gishiri sau biyu a miya. Ta sallame La'asar ta sake tayarwa. Ta ɓoye kuɗi a kwanon sha ta ce an sace. Muna dariya, muna cewa gigin tsufa ne. Ranar da ta kira Baba da sunan yayanta da ya rasu tun ba a haife ni ba, ba wanda ya yi dariya.

5/
Asibiti suka ce cutar mantuwa ce, wataƙila irin ta Alzheimer. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, irin namu. Mu dai sai mu laƙaba mata wani suna mu ja labule.

6/
Abin da ba wanda ya gaya mana: idan mutum ya koyi yare na biyu da girmansa, cutar kan fara cin na biyun, ta bar wanda aka sha a nono. Hausar Habuba ta riƙa zubewa kamar katangar ƙasa a damina. Da farko gauraya take yi. Daga baya ka yi mata Hausa ta amsa da Larabci. Daga baya ko amsar babu, sai kallo.

7/
'Ya'ya shida ta haifa, ba wanda ya iya yarenta in ban da 'yan kalmomi. Dalili kuwa, lokacin tana amarya dangin miji sun sha yi mata gori, sai ta dage da Hausa don kada a ware mata 'ya'ya a ce na Balarabiya ne. Ga shi a tsakiyar gidanta, cikin 'ya'yanta, ta sake zama baƙuwa.

8/
Ni lokacin ina karatu a Khartoum. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Ina cikin ɗaliban da aka kwaso a motoci ta iyakar Masar, muka yi kwanaki a bakin iyaka, muka iso gida a watan Mayu. Wannan labarin na wata rana ne. Na dawo ba digiri, ba kaya, sai Larabcin Sudan na shekara huɗu a bakina.

9/
Na shiga ɗakinta na ce "Kef ya Habuba?" Wallahi kamar an kawo wuta. Ta riƙe hannuna ta yi magana kusan awa biyu. Ba ta san ni jikarta ba ce, ta ɗauka 'yar maƙwabtansu ce ta Madani. Amma ga labari, ga barkwanci, ga ƙorafin cewa mutanen gidan nan ba su iya dafa kofi ba. Gwaggo na bakin ƙofa tana kuka.

10/
Baffa, da ya sauke littattafai a zaure, ya ce ai shi ma zai iya. Ya gyara zama ya zuba mata Larabci mai i'irabi, fataha da damma kowanne a gurbinsa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce "Da bigul shinu?" Wato me wannan yake cewa 😭 Larabcin littafi daban, na kasuwar Madani daban. Ku riƙe wannan, zai dawo.

11/
Daga Mayu zuwa Disamba mun ji daɗinta. Kullum da hantsi sai ta yi jabana, kofin Sudan: ta soya ƙwayar a kan gawayi, ta daka da citta, ta zuba a 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya. Ba ta san wace shekara ake ciki ba, amma hannunta bai taɓa kuskuren awon citta ba.

12/
A watan Disamba 2023 dakarun RSF suka shiga Wad Madani. Dangi suka riƙa turo saƙon murya a WhatsApp, kuka, ƙarar harbi, sunayen unguwanni. Ni kuma a ɗakinta nake kunnawa, a fili. Na ɗauka ba ta bi. Mutumin da bai san yau wace rana ba, me zai gane?

Ta ji sunan unguwarsu. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

13/
Cikin sati uku ta zama wata. Jabana ta tsaya. Na kawo gawayi na ajiye a gabanta, ta kawar da kai. Lalle da ba ta rabo da shi ya goge, ba ta nema ba. Abinci sai "ma dayra", ba na so. Ƙarfe uku na dare Gwaggo za ta farka ta same ta zaune a bakin gado, hawaye na zuba, ba sauti.

14/
Kalmominta sun koma huɗu ko biyar. "Fatrana", na gaji. "Zahjana", na ƙosa. "Sadri dayig", ƙirjina ya yi ƙunci. "Khalli", bari kawai. Yau ciwon kai, gobe ciwon baya, jibi wani abu ya tokare mata maƙoshi. An sha farasitamol har an gaji.

15/
Gida ya kasu. Baba ya ce cutar ce ke ƙaruwa, likita ma ya faɗa tun farko. Wata ƙanwar kakanmu ta ce iska ce, tunda ga shi har yare ya sauya 🤦🏾‍♀️ Aka yi ruƙiyya, aka yi tofi, ban hana ba, addu'a ba ta ɓaci. Umma ta ce, "Ke dai kin fiye bincike. Tsufa ne."

16/
Abin da ya tsaya min: shekara biyu da rabi cutar nan na tafiya kamar hawainiya. Ta yaya a sati uku za ta yi gudun da ba ta yi a shekara biyu ba? Kuma tunaninta bai ƙara lalacewa ba. In na matsa, tana gane kofi, tana gane turmi. So ne ba ta yi. Mantuwa daban, rashin so daban.

17/
Na dame su har aka kai ta wani asibiti. Ba zan faɗi suna ba, don likitan ba mugu ba ne, layin da ke jiransa ya fi mutum hamsin. Ya ciro wata takarda mai tambaya 15, amsar kowacce e ko a'a. Sunanta GDS, ma'aunin ciwon damuwa na tsofaffi. A Amurka aka ƙirƙiro shi a 1982 da tambaya 30, aka taƙaita zuwa 15 a 1986.

18/
Ku kalli sarkar da aka yi. Takarda da Turanci. Likita ya juya zuwa Hausa. Ni na juya zuwa Larabcin Sudan. Habuba ta amsa, na maido Hausa, ya mayar e ko a'a. Ko ruwa ne aka juye a kwano huɗu, ai wanda zai isa ba shi da yawa.

19/
Kin gamsu da rayuwarki? "Alhamdulillah."
Kina cikin farin ciki yawancin lokaci? "Alhamdulillah."
Kina ganin zama a raye abu ne mai daɗi? Ta dube ni kamar na zage ta. "Alhamdulillah, ya bitti."

Tsohuwa 'yar tamanin, Musulma, a gaban baƙon namiji, ga ɗanta a tsaye. Me kuke so ta ce? Ta yi wa Ubangiji butulci a bainar jama'a?

20/
Wata tambayar: kin fi son zaman gida a kan fita ki yi sababbin abubuwa? Matar da ta yi rayuwarta a kulle. Wata kuma: kina ganin kin fi sauran mutane matsalar mantuwa? Ta ce a'a, ita lafiyarta ƙalau. Ai cutar da kanta tana hana mutum sanin yana da ita.

21/
Kuma takardar tana tambaya ne a kan yadda ka ji a satin da ya wuce. Habuba ba ta tuna ko ta karya da safen nan. Kukan ƙarfe uku na dare ba ya cikin ajiyarta, yana cikin ta Gwaggo. Ba wanda ya tambayi Gwaggo komai.

22/
Bari in tona kaina. Akwai tambayar da ke cewa ko kina jin ba ki da wani amfani. Bakina ya ƙi. Ta yaya zan dubi kakata in ce mata haka? Sai na ce mata, "Kina jin gajiya?" Likita bai san na sauya ba. Shi ya sa ba a son ɗan gida ya yi tafinta a irin wannan wuri. Kunya da ƙauna suna gyara tambaya, su gyara amsa.

23/
Na kuma gwada kalmar asibiti, "ikti'ab", wadda likitocin Larabawa ke kiran ciwon damuwa da ita. Ta ce shinu? Ba ta taɓa jin ta ba. Kalmar mantuwar tasu kuwa, "kharaf", ko kusa ban furta ba, don a bakin mutane kusan zagi ce.

24/
Ta ci maki 3 cikin 15. Sai an haura 5 ake fara zargi. Likita ya ce, "Hajiya ba ta da damuwa, ku riƙa ba ta abinci mai gina jiki." A mota Baba ya ce, "Kin ji ko? Hankalinki ya kwanta?" Na yi shiru. Habuba na gefena, awarwaronta ya sauko har tafin hannu saboda rama.

25/
Wata ƙawata da muka gudo tare, ɗalibar likitanci, ita ta ce in nemi likitan ƙwaƙwalwa. Faɗa ne sosai kafin Baba ya yarda. "Uwata ba mahaukaciya ba ce." Na durƙusa na ce, "Baba, sau ɗaya kawai. In ta ce ba komai, na bar maganar har abada." Ya ce Allah ya shirye ni, ya ba ni mukullin mota.

26/
Likitar nan mace ce, kuma ba da takarda ta fara ba. Ta sa aka gwada fitsari, jini, sukari, da ƙwayar maƙoshi da ake kira tayrod. Ta duba kunne da haƙora, ta ce a zazzage mata duk magungunan da ake ba ta a kan tebur. Ta ce ciwon mafitsara kaɗai na iya birkita tsoho cikin kwana biyu, kuma tsohon da haƙori ke ciwo ba zai ci abinci ba.

27/
Da komai ya fito ba matsala, sai ta ɗauko wani ma'auni daban, na Cornell. Wani likita George Alexopoulos da abokan aikinsa suka fitar da shi a 1988, musamman don masu cutar mantuwa. Abu 19 ake dubawa, kowanne a ba shi 0, 1 ko 2. Bambancinsa: ana fara tambayar mai jinya, sannan a zauna da mara lafiyar, sannan likita ta haɗa da abin da idonta ya gani.

28/
Ta ce duka ma'aunan biyu an fassara su zuwa Larabci, an gwada su a kan tsofaffi a Lebanon. Ta nuna min na Larabcin a wayarta. Na karanta, na yi dariya ban shirya ba. Larabcin Baffa ne sak. Ta ce to, kada ki karanta mata, ki gaya min dai da wace kalma ita take faɗin abin.

29/
Ta zaunar da Gwaggo ita kaɗai, sannan ni ni kaɗai. Ashe ba abu ɗaya muke gani ba. Ni na ce ba ta da saurin fushi. Gwaggo ta ce ranar Talata ta jefe ta da buta wajen alwala. Gwaggo ta ce ba ta magana sam. Ni na ce tana yi, ke ce ba ki ji. Dare na Gwaggo ne, yare nawa ne. Kowa da rabin labari.

30/
Nan na ga aiki. Ma'aunin na tambayar farkawa da sassafe. Gwaggo ta ce ai Habuba tun tana da ƙarfi ƙarfe huɗu take tashi nafila. Likita ta ce, "To yanzu in ta tashi, sallar take yi?" Gwaggo ta yi jim. Ta ce a'a. Zama take yi. Kuma awa guda kafin lokacinta na da.

31/
Haka batun abinci. Baba ya taɓa cewa wataƙila azumin Litinin da Alhamis take yi, ta saba. Likita ta ce to Talata da Laraba fa? Kowace tambaya sai ta ƙara da "da can haka take?" da "yaushe ya fara?" Don a ma'aunin, daina sha'awar abin da aka saba ana ƙirga shi ne in sabo ne, bai kai wata guda ba. Na ce jabana, sati uku da kwana biyu.

32/
Wani abu da ta bayyana da ban taɓa sani ba. Cutar mantuwa ita kanta tana kawo mutuwar zuciya, mutum ya zauna ba ruwansa da komai, amma ba ya jin zafi. Ciwon damuwa kuma da zafi yake zuwa: kuka, zargin kai, fid da rai. A ido kamarsu ɗaya, tsohuwa zaune ta yi tagumi. A ciki ba ɗaya ba ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

33/
Sannan aka shigo da Habuba. Likita ta fitar da Baba da ladabi. Ta sauko daga kujerarta ta zauna kusa da ita. Ta ja min kunne: "Abin da na faɗa za ki faɗa, abin da ta faɗa za ki maido. Ko da ciwo." Ba ta tambaye ta farin ciki ba. Ta ce in tambaye ta ƙirjin nan da ke ƙunci, me ke cikinsa.

34/
Habuba ta daɗe shiru. Sai ta ce gidansu ya ƙone kuma ba a bar ta ta je ba. Ta ce ƙanwarta na can ita kaɗai, yarinya ce, ba ta iya kunna wuta ba (ƙanwar tata ta haura saba'in). Sai ta ce, "Ana bigit tagila alekum." Na zame muku nauyi.

Wannan ce amsar tambayar da na ƙi yi a wancan asibitin. Tana nan tun tuni.

35/
Saura tambaya mafi nauyi, ko tana tunanin mutuwa. In ka tambayi tsohuwa Musulma ko tana son kashe kanta, "A'uzu billahi" za ka samu, magana ta ƙare. Likita ta ce in tambaye ta me take roƙon Allah in ta tashi da dare. Ta ce, "Ya Rabbi shilni." Ya Ubangiji ka ɗauke ni. Na maido da Hausa, muryata na rawa.

36/
Na ce wa likita ai tsofaffi duk suna irin wannan addu'ar, ta cikawa da imani. Ta ce haka ne, shi ya sa ba kalmar kaɗai ake ji ba. Wanda ke roƙon kyakkyawan ƙarshe yana cin tuwonsa, yana wasa da jikoki. Wadda ke roƙon a ɗauke ta don ta zama nauyi, kuma ta daina ci, wani abu ne daban.

37/
Maki 15 cikin 38. A wannan ma'auni in an haura 10 akwai yiwuwar babban ciwon damuwa, in an haura 18 kusan tabbas ne. Mace ɗaya, wata ɗaya: takarda ɗaya ta ce lafiya lau, ɗaya ta ce a tashi tsaye. Likita ta ce lambar ba hukunci ba ce, amfaninta shi ne mu samu abin da za mu gwada da shi in mun dawo.

38/
Na zaci za ta rubuta ƙwaya mu tafi. Ta ce za ta gaya mana gaskiya: wani babban bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2011 ya gwada magungunan damuwa biyu sanannu a kan masu cutar mantuwa, ba su fi ƙwayar da ba komai a cikinta ba, kuma masu shan su sun fi samun illa. Don haka a fara da gyara gida, a riƙa auna nauyinta duk sati.

39/
Saƙon murya na Sudan ya bar ɗakinta, a bayan gida nake saurara da abin kunne. Aka fito da ita tsakar gida kullum da hantsi ta sha rana. Na koyi yin kisra a YouTube da garin dawa, ta farko kamar takalmi. Aka samo wata baiwar Allah 'yar Sudan da ke aure a Kano, tana zuwa duk Juma'a su yi hira. Allah ya biya ta.

40/
Na kunna mata karatun Sheikh Nurain Muhammad Siddiq, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a hatsarin mota a 2020. Ku kun san shi a status, ita kuwa muryar masallacin garinsu ta ji. Ranar farko kuka ta yi sosai, har na so in kashe. Ta riƙe min hannu. Ranar ta ci rabin kwano.

41/
Amma nauyin bai daina sauka ba. Bayan sati uku likita ta ƙara da magani, kaɗan ƙwarai, tana bibiyar jini da jiri da faɗuwa. Masu turo min saƙo, don Allah kada ku tambaye ni sunansa, ba zan faɗa ba. Na san ku, kemis za ku wuce. Wasu magungunan barci da ake ɗura wa tsofaffi don a samu shiru ƙara rikita su suke yi.

42/
Ana cikin haka labari ya zo. Ƙanwar tata ta rasu a ƙauyen da suka gudu, ciwon sukari, ba allura. Baba ya ce haƙƙinta ne a gaya mata, 'yar'uwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi mata addu'a. Ni na ce yanzu ta fara ci. Ya ce, "Ke za ki koya min uwata?" Wa ke da yaren da za a faɗa mata? Ni.

43/
Na faɗa mata. Ba zan kwatanta ba.

Washegari da safe ta tambaye ni ko ƙanwarta ta iso. Ta manta an faɗa mata. Amma ta tashi da ƙunci, ta ƙi ko ruwan shayi, ba ta san dalili ba. Likita ta ce haka abin yake, labarin ya goge, zafinsa ya zauna.

44/
Baffa na ganin duk lokacin da ta tambaya a gaya mata gaskiya, ƙarya haramun ce. Na ce to ya zo ya faɗa da bakinsa, kullum, ya ga uwarsa na karɓar gaisuwar mutuwa ɗaya sau talatin a wata. Rashin kunya na yi, na sani, na ba shi haƙuri daga baya. Har yau ba mu daidaita ba. Baba ya daina shiga maganar.

45/
Abin da nake yi: in ta tambaya, sai in ce ta ba ni labarinta. Wace ce ta fi iya kisra a cikinku? Sai ta shiga labari ta manta tambayar. Wani lokaci ba ta mantawa, ta kafe ni da ido. A irin wannan ranar nakan ce tana hanya. In na yi sallah ina neman gafara a kai.

46/
Bayan wata biyu aka sake zama, Gwaggo daban, ni daban, Habuba daban. Maki 7. Nauyinta ya tsaya, har ya ɗan ƙaru. Tana kaiwa Asuba a kwance yawancin dare. Mantuwar tana nan, ta ma ƙaru. Hausa ba ta dawo ba. Baba yanzu yana da ɗan littafi a aljihu, ya rubuta kalma wajen arba'in da na koya masa. Yana shiga ya ce "Kef ya yumma", da karin harshen Kano tsantsa, ita kuma ta gyara masa.

47/
Jiya da hantsi na ajiye gawayi kusa da tabarmarta, ban ce komai ba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce in miƙo turmi. Ta soya, ta daka, ta ce cittar nan ba ta da ƙarfi, an cuce mu a kasuwa. Ta jera 'yan kofuna uku. Na ce Habuba mu biyu ne. Ta ce na ukun na ƙanwarta ne, in leƙa waje in ce ta yi sauri tun da zafi.

48/
Na fita na tsaya a soro kamar minti biyar. Da na dawo ta manta ta aike ni, tana kaɗa ƙuda daga kan kofin. Gwaggo ce ta shanye shi da Azahar, ya huce.